Baffana Mai Gyaran Kwamfuta da Faifan da Aka Ɗinke a Fata

Wanda Ya ba mu aron Baffa Ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi, kuma a kan wannan ba ni da ta cewa sai addu'a. Amma a kan masu zuwa gaisuwa ina da ta cewa. Kwana uku na yi zaune cikin mata a tsakar gidansa da ke Kalgo, ina jin magana guda tana yawo daga tabarma zuwa tabarma: "Allah Sarki, mutum mai haƙuri." Matar liman ta faɗa. Maƙwabciyar da ya yi shekara yana faɗa da ita a kan kajinta ta faɗa. Har wani tsohon akawu daga Gwandu, wanda da idona na ga Baffa ya raka shi bakin titi da masifa, ya aiko a gaya wa iyali cewa an yi rashin mutum mai sanyin hali. Na dubi matar Baffa, na ga ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Har yau ban tambaye ta ko kuka take ko dariya ba.

Baffa ba shi da haƙuri, kuma ba na son a binne shi da halin wani. Ƙanen mahaifina ne, shi ne autansu, na kuma yi shekaru ina aiki a shagonsa, don haka na san abin da nake faɗa. Ina rubuta wannan ne don a tuna shi yadda yake. Akwai kuma wani laifi da ya mutu da shi a kansa, danginmu duk sun ɗauka nasa ne, alhali nawa ne. Shi ne ainihin abin da ya hana ni barci tun da aka ɗauke shi.

Da gyaran rediyo ya fara, a wata rumfar kwano a kasuwar Gwandu, tun ina makarantar firamare. Daga rediyo ya koma tafireta da talabijin. Da aka yanko jihar Kebbi ofisoshi suka yawaita, aka fara ganin kwamfuta jefi-jefi, sai ya rufe rumfa ya tafi Kaduna wajen wani abokinsa ya yi watanni, ya dawo da jakar sukudireba da wani littafi mai kauri da ba ya barin kowa ya taɓa. Ya kama shago a Kalgo saboda nan ne kan hanya. Ni a lokacin aurena ya mutu, na dawo gidan Goggo a Gwandu, yayarsu, wadda ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Ina da takardar koyon tafireta, sai Baffa ya ce in zo in riƙa buga wa mutane takardu a kwamfutar shago maimakon zaman jiran tsammani.

A nan na ga mutane iri-iri, na kuma gane abin da ke tayar wa Baffa da jijiyar wuya. Akawun nan da na ambata, ranar farko da ya zo, ya ɗauro gilashin kwamfuta a bayan babur tun daga Gwandu, ya naɗe shi da zani kamar jariri. Baffa ya duba gaba ya duba baya.

"Ina sauran?"

"Wane saura, Malam?"

"Akwatin da ke ƙarƙashin tebur."

"A'a, wancan lahiya tai lau, ko taɓa shi ba mu yi. Nan ciki rubutun yab ɓace." Ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa.

Baffa ya yi masa bayani sau biyu cewa gilashin taga ce kawai, kayan suna cikin akwatin. Akawu ya gyaɗa kai, ya ce ya gane sarai. Washegari ya dawo da gilashin dai, amma wannan karon ya haɗo da madannan rubutu, yana murmushin wanda ya cika aiki. Ranar ce aka raka shi bakin titi.

Tambayar Baffa ta farko ga kowa ita ce, "Mi kat taɓa?" Amsar kowa kuma ita ce, "Wallahi ban taɓa komi ba." Sai ya ce, "To, ita tat tashi da dare tab buɗe cikinta, ko?" Yana da wani gwangwanin madara a kan kanta inda yake tara abin da ya ciro daga injinan mutanen da ba su taɓa komai ba: ɓawon gyaɗa, tsinken sakace, allurar ɗinki, busasshen ƙadangare. Idan gardama ta yi tsawo sai ya sauko da gwangwanin ya girgiza shi a kunnen mutum. Wani shugaban makaranta kuwa bargo yake lulluɓa wa tasa tana cikin aiki, wai kayan gwamnati ne kada ƙura ta shiga, har ta yi zafi ta mutu a tsakiyar bazara. Baffa ya tambaye shi ko shi zai yarda a lulluɓa masa bargo a watan nan, a toshe masa hanci, sannan a ce ya yi lissafi.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne yadda yake wa injinan magana. Mutum ya sha tsawa, amma da zarar ya kwance murfin kwamfuta sai muryarsa ta yi laushi. "Sannu, baiwar Allah," in ji shi, "mi sunka yi miki?" Ni da nake jininsa ban taɓa samun irin wannan sannun ba.

Wata rana wani dattijon Bafillace ya zo daga wajen Dodoru, ya tsuguna a bakin ƙofa. An gaya masa akwai inji a Kalgo da ta san komai, shi kuma karsanarsa ta ɓace kwana huɗu, yana so a tambaye ta. Baffa ya dafe kai. Ya ce shi ba boka ba ne, injin kuma abin da aka zuba mata kaɗai ta sani, ko sunan ubansa ba ta sani ba. Ya yi ta faɗa har masu shayi suka leƙo. Dattijo bai motsa ba. Da faɗan ya ƙare sai Baffa ya ja tsaki, ya tambayi kalar karsanar da tsagar kunnenta, ya sa na buga a takarda kwafi da yawa, ya hau babur da kansa ya raba wa sarakunan pawa da dillalan kara. An same ta bayan kwana biyu. Dattijon ya zagaye rugage yana cewa injin Kalgo ta yi aiki, kuma wata guda muka yi muna karɓar masu cigiyar awaki. Ban taɓa ganin Baffa ya yi nadamar alheri kamar wannan ba.

Yanzu zan zo kan Goggo.

Kakarmu, mahaifiyar su Baffa, malama ce. Ta bar waƙoƙin wa'azi da ta tsara da kanta, rubuce da ajami, cikin wata tsohuwar gafaka da Goggo ke ajiye da ita. Da su Kaka ta koyar da matan aure tsarki da salla da zaman duniya, a Gwandu da ƙauyukan kewaye. Gara ta fara cin takardun, idon Goggo ya fara rauni, jikoki kuma ba mai karanta ajami. Ni ce na kawo shawarar a mayar da su boko a zuba a kwamfuta. Goggo ta yi ta zuwa Kalgo duk ranar kasuwa, ta zauna kusa da ni tana karantowa ina bugawa. Wani baitin sai ta tsaya ta share ido, ta ce nan Inna tana nufin wance, nan kuma shekarar da ruwa ya ci gonaki ne. Mun kusa wata uku kafin mu gama.

Dokar Baffa ita ce duk aikin da aka gama a fitar da shi a takarda kafin mai shi ya tafi. Ranar da muka gama, ribon ɗin firinta, wato zaren tawadar injin fitar da takarda, ya ƙare, Baffa kuma ya tafi Birnin Kebbi. Na kwafe waƙoƙin a disket, wato ɗan faifan robar nan mai kusurwa huɗu da ake adana aiki a ciki, na miƙa wa Goggo. Na ce duk waƙoƙin Kaka suna cikin nan, ta adana shi da kyau, takarda kuma zan fitar mata daga baya. Ta juya shi a hannu tana mamaki, ta sa a lalitarta.

Ban fitar ba. Aiki ya yi yawa, na manta. Bayan 'yan watanni cikin kwamfutar shago ya cika, ga ɗalibai sun yi layi da aikin kammala karatu. Na duba abin da zan rage, na ga waƙoƙin Kaka, na ce ai Goggo na da su a faifai. Na goge su. Ban yi shawara da kowa ba, ko minti ɗaya ban yi ina tunani ba.

Damina ta zo ta wuce. Wata ranar kasuwa sai ga Goggo, ta ce jikarta za ta yi aure, tana so a fitar da waƙoƙin a ba amarya ta tafi da su. Ta kwance bakin zani ta ajiye wani abu a kan tebur. Laya ce, jar fata, kusurwa huɗu, an yi mata ɗinki mai kyau da igiyar ratayawa.

Baffa ya dube ta. "Yaya, mi na wanga?"

"Abin da ɗiyar ga tab ba ni. Tac ce in adana shi da kyau. Akwai sunan Allah ciki, ka san ba a yada shi haka nan. Nik kai ma baduku."

Baffa ya ɗauki reza. Ya farke ɗinkin a hankali. Badukun ya yi aikinsa tsakani da Allah: don kada abin ya yi motsi a ciki, ya bi gefe huɗun da basilla, ya kuma soka ɗaya a tsakiya. Ga shi Goggo ta yi wata da watanni tana rataye da shi a wuya, cikin zufa da zafin murhu. Baffa ya ɗaga faifan sama, haske ya ɓullo ta ramukan.

Ya yi faɗa, ba sai na faɗa ba. Ya ce shekara nawa yana fama da masu bargo da masu karsana, ashe babbar tana cikin gidansu. Goggo ta bar shi ya gama, don ita kaɗai ce tsawarsa ba ta girgizawa. Sannan ya sauke numfashi ya ce ba komai, akwai su a injin shago, in kuma ta kama a sake bugawa daga takardun Inna.

"Waɗanne takardu?" in ji Goggo. "Na rufe su."

Ashe garin takardun yana zuba a ƙasa duk lokacin da ta buɗe gafakar, tana tsoron a taka sunan Allah. Tun da an ce mata komai ya shiga faifai, sai ta yi abin da ake yi wa tsohon rubutu mai alfarma: ta naɗe su a farin ƙyalle, ta sa aka haƙa rami a wuri mai tsarki a bayan ɗaki, ta binne. Ba ta yi don wauta ba, ta yi don girmamawa, kuma da bakina na ce mata duk suna ciki.

Baffa ya zauna gaban kwamfuta ya fara nema. Ni ina tsaye a bayansa. Ya duba nan, ya duba can. Ya san injinsa kamar tafin hannunsa, don haka bai ɗauki lokaci ba ya gane an goge su, kuma an riga an zuba wasu ayyukan a gurbinsu. Mu biyu kaɗai ke taɓa injin nan. Ya juyo ya dube ni. Na jira tambayar da yake yi wa kowa, na ma shirya irin amsar da kowa ke bayarwa. Bai yi ta ba.

Ya juya wajen Goggo ya ce, "Yaya, babu su. Ni nig goge su da ina gyaran injin. Laihina na."

Goggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Auta, maganar Inna kag goge?" Ta tattara fatar layar, ta ɗaure a bakin zani, ta fita ko sallama babu.

Da ta tafi na buɗe baki zan yi magana, ya daka mini tsawar da ban taɓa jin irinta ba. Ya ce in rufe masa baki. Ya ce in Goggo ta juya mini baya gidan wa zan koma, ni da ba uwa ba miji? Shi kuwa tun yana yaro ta saba fushi da shi, wannan ma zai wuce. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: daɗi na ji. Na yi kuka, amma a ƙasan kukan daɗi na ji cewa ba ni ba ce.

Washegari ya tafi Gwandu da fartanya, ya tone bayan ɗakin Goggo da hannunsa. Ƙasa ya samu da gidan gara da ɗan guntun ƙyalle. Ya dawo ya kwance faifan, ya wanke shi, ya sauya masa gida, ya gwada shi a inji uku. Ya aika da shi Kaduna, aka dawo masa da shi. Daga nan sai ya rufe shago duk ranar Alhamis, ya ɗaura rikoda a babur, ya bi tsofaffin matan da suka yi karatu wajen Kaka, a Ceberu da Dodoru da wasu ƙauyukan da ban san sunansu ba. Ku yi tunanin Baffa a zaure, yana jiran tsohuwa ta gama ba shi labarin ciwon gwiwarta kafin ta tuno baiti ɗaya. Yakan dawo yana huci. "Wagga ta ce baitin kaza na gaba, waccan ta ce ƙarya ta, kuma dud da su babu mai haƙori, ban jin abin da suka cewa!" Ya jefa mini kaset ya ce in buga, kuma in fitar a takarda yanzu-yanzu yana tsaye. Ya fi shekara yana wannan. Abin da ya tattaro bai kai rabi ba, wasu ma guntaye ne.

Ni na kai wa Goggo takardun. Na karanta mata, ta gyara wurare biyu, ta sa a gafaka. Na ce Baffa ya sha wahala a kansu. Ta ce wanda ya zubar ai shi ya kamata ya tsince.

Fushin bai wuce ba. Goggo ta san hukuncin yin gaba da ɗan'uwa, don haka in ya yi sallama tana amsawa, daga nan ba ƙari. Ta daina aika masa furar da take dama masa duk Juma'a tun yana saurayi. Ranar salla yakan zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon bango, ya ɗan jima ya tashi. Mutumin da ba ya iya jiran mai babur ya gama faka babur ya yi shekara huɗu yana wannan tsugunon. Ni kuma ina cikin ɗakin, ina cin tuwon Goggo. Sau uku na ce masa zan faɗa mata. Sau uku ya ce in na kuskura in nemi wani shagon. Na riƙe wannan a matsayin hujja, alhali na san Baffa bai taɓa korar kowa da gaske ba.

Ciwon nasa bai yi tsawo ba. Goggo ta zo duba shi sau ɗaya, ta yi masa sannu, ta yi addu'a, ta koma.

Ranar addu'ar uku da la'asar, mutane sun ragu, muka rage ni da ita a ɗakin matar Baffa. Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki shaida, ɗiyata, na yahe mai. Waƙoƙin Inna da yaz zubar, na yahe mai duniya da lahira."

A nan ne na kasa daurewa. Na ce, "Goggo, ba shi ba ne."

Na faɗa mata duka: ribon ɗin da ya ƙare, takardar da ban fitar ba, ranar da na goge, da kallon da ya yi mini kafin ya ce laifinsa ne. Na faɗa mata dalilin da ya ba ni. Ina magana ina jiran mari, ko zagi, ko ta ce in tattara kayana. Da ta yi ɗaya daga ciki da na ji sauƙi.

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, sannan ta dubi ƙofa.

"Ke kinka goge," ta ce a hankali, "shi nib bari tsugune."

Na ce ta yafe mini. Ba ta ma ji ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki mayafinta, ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Maza sun kai shi tun shekaranjiya, mu mata ko hanyar maƙabartar ba mu bi. Ta juyo, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, fuskarta jiƙe.

"To ni yanzu ina za ni ishe shi in ba shi haƙuri?"

Ya Allah, Kai da ba a ɓoye maKa wanda ya yi da wanda ya ɗauka, Ka yalwata wa Baffa makwancinsa, Ka isar masa da abin da Goggo ta rasa hanyar kai masa.